Kaset ɗin shekarun 1980: da wanne za a fara, kuma ta yaya za a kwashe waƙoƙin?

Bakabe, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masu sanin kayan sauti. Akwai kwali biyu na kaset a hannuna, sun kai 150, yawancinsu waƙoƙin Turawa ne da na 'yan Kudu na shekarun 1980, irin waɗanda ake sakawa a rikoda mai lasifika biyu tun Kebbi na cikin tsohuwar jihar Sakkwato. Akwai na kamfani masu hoto, akwai na shagon mai kaset da aka rubuta sunayen waƙoƙi da biro, akwai wajen 20 da babu rubutu ko ɗaya. Sai manyan faya-fayi 12. Sun haura shekara 20 a ɗakin ajiya mai rufin kwano.

An gwada guda biyu a wata tsohuwar rikoda. Na farko ta tauna zarensa, na biyu kuma murya ta fito a shaƙe kamar mai waƙa cikin randa. So nake a mayar da su cikin waya kafin su ƙarasa mutuwa. Da wanne ake farawa, wane inji ake nema, kuma me ake haɗawa da me?

Sai ta ƙarshe. Wasu waƙoƙin suna YouTube, amma in na saurara sai in ji ba su ne ba, kamar sun yi nauyi, sun rage gudu. Kunne ne ya tsufa ko da dalili?

Mai Faifai, Argungu

Wa alaikumus salam, Malam Bakabe. Fara da lissafi kafin ka taɓa inji. Kaset ba a kwafe shi kamar fayil, sai ya juya daga farko har ƙarshe. C60 awa ɗaya ne, C90 awa ɗaya da rabi. Kaset 150 ke nan awa 150 zuwa 225 kana zaune, ban da gyara da yanka. Ba wanda ke gama wannan. Saboda haka aikin farko tankaɗe da rairaya ne, ka kasa su uku.

Kashin da za ka ajiye gefe shi ne na manyan mawaƙan waje. Thriller na Michael Jackson da ya fito ƙarshen 1982, kundin Lionel Richie na 1983, Legend na Bob Marley na 1984, su ABBA da Boney M da Phil Collins da Dire Straits, duk kamfanoninsu na riƙe da ainihin zaren situdiyo, kuma abin da suka sa a intanet ya fi abin da kowane kaset zai ba ka. Haka Lucky Dube da Yvonne Chaka Chaka na Afirka ta Kudu. Ɓata awa ɗari a kansu ɗaukar ruwa ne zuwa gulbi.

Kashi na tsakiya shi ne na gida Najeriya, kuma a nan sai ka bi ɗaya bayan ɗaya. Wasu an sake fitar da su. Kamfanin Soundway na Ingila ya tattara rok ɗin Najeriya na shekarun 1970 a 2008, ya kuma fitar da tarin disko da fof na Legas na shekarun 1980 a 2016. Luaka Bop na Amurka ya fito da William Onyeabor a 2013. Ofege, yaran kwalejin St. Gregory ta Legas da EMI ta fitar da faifansu na farko a 1973, ana samun su. Majek Fashek na 1988 a kamfanin Tabansi da Kris Okotie na 1980 ma haka. Amma tarin nan waƙa ɗaya ko biyu suke tsinta daga kowane kundi. Sauran waƙoƙin bayan faifai, da ƙananan mawaƙan da suka yi kundi ɗaya suka ɓace, sau da yawa babu su ko'ina, ko kuwa abin da ke intanet ɗin wani ne ya ɗauka daga kaset da ya fi naka lalacewa. Duk inda ka ga Bala Miller da ƙungiyarsa ta Kaduna, ko Bongos Ikwue, ka nemi kowace waƙa da sunanta, ka saurari abin da ke akwai, sannan ka yanke hukunci.

Na gaba-gaba kuwa su ne guda 20 ɗin nan marasa rubutu, da na shagon mai kaset. Su ne dukiyar. Kaset mara rubutu na wancan zamani yawanci daga rediyo aka ɗauke shi, Rima ta Sakkwato ko Rediyon Kaduna, da muryar mai gabatarwa, da gaishe-gaishen masu sauraro, da tallan sabulu a tsakani. Wannan ba kamfanin da ke da shi a duniya. Na shago kuma jerin waƙoƙin ne abin ceto: wace ta bi wace, inda mai shagon ya datse wutsiyar waƙa don ta shiga minti 45. Mutum kan yi shekara 40 yana jiran waƙa kaza ta biyo bayan waƙa kaza, don haka kaset ɗinsu ya jera su.

Tambayarka ta ƙarshe, kunnenka lafiya lau. Zaren kaset na tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa. Ƙananan rikodojin gida ba kasafai suke kan wannan daidai ba, kuma kaset ɗin shago kwafin kwafi ne, an bi da shi ta inji biyu ko uku, kowanne da nasa kuskuren. In kuskuren ya taru ya kai kashi 3 cikin 100, murya ta ɗaga da rabin ƙaramin mataki, kiɗa ya ƙara zafi. Kashi 6 kuwa ƙaramin mataki guda ne cur. Wanda ya tashi da wannan, in ya ji ta asali sai ya ce ta yi sanyi. Na biyu, da yawa daga abin da masu shago ke ɗauka daga faifan disko ne mai inci 12, wanda ake tsawaita waƙa ta kai minti shida ko bakwai, da dogon kiɗa a tsakiya. Ka ƙara kalmar 12 inch ko extended bayan sunan waƙa wajen nema, sau da yawa ita ce wadda ka sani.

Injiniyan Rediyo, Gusau

Bakabe ƙanena, kada ka ƙara sa kaset ko ɗaya cikin rikodag ga sai an buɗe ta. Laifin ba na kaset ba ne, na inji ne, kuma matsala biyu ce daban.

Taunar zare tukuna. Abu biyu ka jan zare. Akwai siririn ƙarhe mai juyawa, kafstan, da rola ta roba mai matse zare a jikinshi, su ka ja. Akwai kuma sandar da ka naɗe abin da sunka jawo. In sandar naɗi ta tsaya ko ta yi rauni, kafstan bai san an yi ba, shina ta turo zare, zaren ya taru ya nannaɗe rola. Gwaji: buɗe murhi, danna maɓallin kunnawa babu kaset, ka riƙe sandar naɗi da yatsa biyu a hankali. In ta tsaya ba ta yi gardama ba, bel ya saki ko tayar da ka juya ta ta yi santsi. Bel ɗin da ya shekara 20 cikin zahin Afrilu na Kebbi, ko dai ya miƙe, ko ya narke ya koma awa kwalta. In ya narke, sai an goge kowace taya tas da sifirit kahin a sa sabo, in ba haka ba sabon ma mannewa zai yi.

Awon bel: zagaya zaren ɗinki ta hanyar da bel ka bi, ka auna tsawon, ka rage kamar kashi 5 cikin 100. Hanya ta ba ka milimita 200, nemi bel na 190. Ka lura da siffa, mai faɗi ne ko mai kusurwa huɗu, kada a musanya. In ya yi matsi da yawa, moto na wahala kuma bushin shina ci. In ya saki, murya na rawa. Robar ɗaure kuɗi ba bel ba ce, ko da mai gyara ya rantse maka. Tana juya inji, i, amma kaurinta ba ɗaya ba ne, fiyano sai ya riƙa kuka awa goge.

Wanka: audugar goge kunne da sifirit mai suna isofurofil, mai ƙarhin kashi 90 zuwa sama. Masu kayan gyaran waya na da shi, amma ka karanta kwalba, don wasu tina su ka zubawa, ita kuwa tana cin roba da leda. Fetur ma haka. Goge hed, wato kan da ka karanta sautin zare, har auduga ta daina hitowa da ja, goge kafstan, goge ƙarahunan da zare ka bi. Rola kuwa ruwa da ɗigon sabulu ya fi mata, sifirit kullum shina busar da ita. In ta yi ƙyalli, ta taurare, ko ta tsage, canji ne kawai. A bari minti biyar ya bushe. Tsohon kaset na zubar da gari, don haka a sake goge hed bayan kowane kaset biyu ko uku.

Shaƙewar murya kuwa, in hed na da tsabta kuma ba ta washe ba, saitin hed ne. Cikin hed akwai tsaga siririya wadda dole ta tsaya daidai da yadda hed ɗin da anka ɗauki kaset da shi ya tsaya. In ta karkace ko da gashin kai, sautin sama shi ka fara ɓacewa. Kiɗan shekarun 1980 kuwa rabinshi sama shike: injin ganga irin TR-808 na Roland da ya hito 1980, da ƙararrawar DX7 ta Yamaha ta 1983, da tsit-tsit na faranti, wato ƙarhen da mai ganga ka bugawa. In sun tahi, sai bugun ƙasa da murya cikin randa, yadda ka ce. Hed na da sukuru biyu, ɗaya da sifirin ƙarƙashinai. Shi ake juyawa. Yawancin injuna akwai ɗan rami a murhi daidai wurin, ko a cire murhin. Sa kaset shina tahiya, mayar da sauti mono in da hali, juya rubu'in zagaye dama, rubu'i hagu, ka tsaya inda faranti ya fi kaihi. Sukurdireba kada ta zama mai maganaɗisu. Kuma ga abin da mutane ba su so su ji: kaset ɗin shago kowane da nashi saiti, don injuna daban-daban anka ɗauke su da su. Kowane kaset sai ka sake juyawa, wani lokaci ma kowane gehe. Na kamfani su ka zo kusa da juna.

Shi kanshi kaset, abu huɗu za ka duba kahin ya shiga inji. Ɗan soson da ke ƙarƙashin zare a tsakiyar baki, bisa ɗan ƙarhe: gam ɗinshi na bushewa ya faɗi, in babu shi zare ba ya manne hed, murya na zuwa tana tahiya. A manna shi da ɗigon gam kaɗan, ko a ɗauko na wani mataccen kaset. Na biyu, sa biron Bic ka juya. In da tauri, bubbuga kaset a tahin hannu ta kowane gehe, sannan a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi, sau biyu. Wannan na warware naɗin, shina kuma rage amsa-kuwwar nan da a ka ji kahin waƙa ta fara, wadda zare ya buga wa maƙwabcinshi saboda daɗewa a naɗe. Na uku, farin ɗigo-ɗigo a jikin naɗin ta taga, hunhuna ce ta damina. Wanga a ware shi, kada ya shiga inji ya shafa wa sauran. Na huɗu, in gidan ya lanƙwashe don zahi, a sauya mashi gida. Mai sukuru biyar buɗewa a kai, wanda anka liƙe sai an tsaga shi ta gehe da wuƙa. A kwashe naɗin biyu a sa cikin gidan TDK ko Maxell mai lahiya, tare da takardun santsi biyu na ciki.

Zaren da ya tsinke, a yanke wurin da ya yamutse, a haɗa baki da baki, a manna ta baya, wato gehen da ba ya taɓa hed. Salatif na kanti na riƙewa yau, bayan wata shida gam ya tsattsaho ya manne naɗin. In babu tef na haɗin zare, yi da salatif ɗin, ka kwashe waƙar ranar, ka ɗauka kaset ya gama aiki. C120 kuma a yi mashi a hankali, zarenshi kusan rabin kaurin na C60 ne.

Injin da za ka nema: dek na gida mai ramukan hita biyu, ja da fari, a baya. Sony, Technics, Pioneer, Aiwa, Akai, duk wanda anka samu mai lahiya. Mai rami ɗaya, mai tahiya hanya ɗaya, ya fi mai juya kanshi, don mai juyawa saitin hed ɗinshi ba ya zama daidai ta gehe biyu. Ka duba farantin baya: na Amurka 120 ne, na Japan 100, wutarmu 230. Ba tiransifoma, hayaƙi za ka gani. Ƙananan na zamani masu kama da Walkman da a ka cewa suna mayar da kaset MP3 kai tsaye, injinsu na leda ne, murya na rawa, da yawansu ma hed ɗin mono ne an raba shi biyu.

Bakabe, Birnin Kebbi

Allah ya saka da alheri, Yaya Injiniya, da kai da Malam Mai Faifai. An samu dek na Technics a wurin wani mai gyara, ya ce zai sa bel. To daga ja da farin nan, kai tsaye ake sa waya zuwa ramin laftof? Kuma maɓallan Dolby da Normal da CrO2 da ke gaba, a ina ake barin su?

Malamar Kwamfuta, Zuru

Malam Bakabe, kada ka sa a ramin laftof. Ramin nan na makirfo ne, mono ne, kuma an yi shi don ƙaramin sauti. Abin da dek ke fitarwa ya fi ƙarfinsa nesa, sai ya fashe, kuma Windows na da nata gyare-gyaren murya da ke ɗaukar kiɗa a matsayin hayaniya tana dannewa. Ramin waya ma haka yake. Abin da ake sawa a tsakani ɗan akwatin sauti ne na USB mai ramukan shiga ja da fari, irin Behringer UCA202 ko UCA222. Ka tabbata an rubuta shiga ta layi a jiki, don ƙananan masu kama da filas ɗin nan masu rami kore da ruwan hoda makirfo ne su ma.

Manhaja Audacity, kyauta ce. Zaɓi akwatin a matsayin abin ɗauka, tasha biyu, 44100, bit 16 ya wadatar wa kaset. Nemo wurin da ya fi ƙara a kaset ɗin, ka saita har mitar ta riƙa tsayawa wajen -6. In ta taɓa sifili, saman sautin ya yanke kuma ba ya gyaruwa, sai an sake. Ƙasa kaɗan ba laifi, ana ɗagawa daga baya. Ɗauki gefe guda gaba ɗaya a fayil ɗaya, har da daƙiƙa biyar na shirun farko, za ka buƙace shi. Yanka waƙa-waƙa daga baya ne: ka sa alama a farkon kowace, ka fitar da su a tare.

Wuri: WAV na cin kusan megabait 10 a minti, C90 ɗaya wajen 900 ke nan. MP3 a 192 na cin ƙasa da ɗaya da rabi a minti, C90 wajen 130. Ajiye WAV ɗin da ba a taɓa ba a hadis ɗin kwamfuta ko filas biyu daban, MP3 shi ne na waya da na tura wa abokai. Kuma in za a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil.

Gurnani shi ne abin da zai fi ba ka ciwon kai. Wutarmu na kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan "huuum" ɗin na shiga ta cajar laftof. Cire caja, yi aiki da batir, mafi yawan lokuta ya tafi. Ƙaramin janareta da inbata mai araha suna ƙara nasu zizar a sama, wadda ta fi wuyar cirewa. Nesanta wayoyin sauti da na wuta, waya kuma a sa ta yanayin jirgi. In duk da haka ya rage, akwai matatar Notch a Audacity: a sa 50, sannan 100, sannan 150.

Gudu kuma ga yadda ake aunawa ba tare da kaset ɗin gwaji ba. Ɗauki waƙar da ka san tsawonta na asali. Billie Jean a kundi minti 4 da daƙiƙa 54 ce, wato daƙiƙa 294. In taka ta ƙare a 285, raba 285 da 294, ka samu 0.969. Wannan lambar za ka ba Change Speed na Audacity (a sababbin fitowa, Change Speed and Pitch), ya gyara gudu da murya lokaci guda. Kada ka yi amfani da mai canja gudu kaɗai ko murya kaɗai, don kuskuren kaset tare yake tafiya da su. Ya fi daidai ka auna daga bugun farko zuwa wata kalma ta kusa da ƙarshe a duka biyun, tunda masu shago na datse wutsiya. In duk kaset ɗin kamfani suna ba ka kuskure iri ɗaya, dek ɗin ne, akwai ɗan rami a bayan moto da ake saita gudu, mai gyara ya san shi.

Maɓallai: duba saman kaset. Rami ɗaya a kowane gefe, Normal ne. Ƙarin rami kusa da shi, CrO2. Wasu biyu a tsakiya, Metal. Sai dai kaset ɗin kamfani da yawa masu zaren kurom an rubuta 120 a jikinsu, waɗannan a Normal ake jin su. Dolby kuma, mai rage shuuu ɗin kaset, tambarin da ke kan takardar kaset ɗin shago ba hujja ba ne, hoton kawai aka kwafa. In ba a ɗauka da Dolby ba ka kunna shi, sama ta mutu. Ko wanda aka ɗauka da shi, in zaren ya yi rauni da shekaru, Dolby na danne fiye da kima. Gwada minti ɗaya a kunne, minti ɗaya a kashe. In kana shakka, ɗauka a kashe.

Mai Faifai, Argungu

Malama ta gama magana, sai wuri ɗaya da zan ja. Gyaran gudun nan kada a yi shi a kan fayil na asali, kuma ga kaset ɗin shago ni ban ga dalilin yin sa ba sam. Wanda ke son waƙar a gudunta na situdiyo, tana intanet. Abin da Malam Bakabe ya ce ya rasa shi ne waccan mai saurin. A daidaita dek da kaset ɗin kamfani, sannan a bar na shago yadda ya zo. Haka Noise Reduction: a ba shi samfurin shirun nan na daƙiƙa biyar, a rage desibel 6, iyaka 9. Wuce nan, shuuu ɗin ya tafi amma faranti da wutsiyar murya sun koma kamar ana wasa da ruwa a kwalba. Wanda aka ɗauka daga rediyo mai matsakaicin zango ma kada a taɓa shi, mono ne, sautinsa bai da sama tun asali, abin da za a cire ya fi abin da za a samu.

Faya-fayan 12 da ba wanda ya taɓo. Ɗora kowanne a kan gilashi ko tebur mai santsi ka duba lanƙwasa. Kaɗan allura na hawa, mai yawa kamar faifan tuwo da ya sha rana ba ya gyaruwa a gida, kuma shanya shi tsakanin gilasai a ranar Kebbi narkar da layukan yake yi. Ƙurar hunturu ce babbar matsala. A wanke da tataccen ruwa, irin na batirin mota wanda ba asid a ciki, da ɗigo ɗaya na sabulun wanke kwano a lita guda, da ƙyalle mai laushi, ana bin zagayen layi, ba a ratsawa. Kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. A ɗauraye, a jingine ya bushe a inuwa. Ajiya a tsaye, ba a jibge ba.

Garmaho ba ya shiga akwatin Malama kai tsaye. Sautin allura ƙanƙane ne, kuma a faifai an rage ƙasa an ƙara sama da gangan, sai an bi ta ramin Phono na amfilifaya ko ɗan akwatin fono ya mayar da shi daidai. Daga nan a ɗauka ta ramin fita na Tape ko Rec. Siririyar wayar ƙasa da ke bayan garmaho a ɗaure ta a sukurun amfilifaya, in ba haka ba gurnani. Allura sabuwa, nauyi yadda mai ita ya rubuta, yawanci wajen giram 2. Ɗora kwabo a kan hannu don kada ya yi tsalle noma layin yake yi. LP, wato faifai mai waƙoƙi da yawa a gefe, a gudun 33, amma mai inci 12 da waƙa ɗaya ko biyu a gefe yawanci 45 ne, a duba takardar.

Injiniyan Rediyo, Gusau

Ƙari kan garmaho. Wasu tsohin na da moto mai bin kaɗawar wuta. In na Amurka ne, don 60 anka yi shi, a wutarmu ta 50 zai juya wajen 28 maimakon 33 da sulusi, ko an sa tiransifoma, don tiransifoma ƙarhi ta ka ragewa ba kaɗawa ba. A janareta kuma gudun shina hawa da sauka duk lokacin da firij ya tashi. Nemi mai ɗigo-ɗigo a bakin faranti da 'yar hitila da maɓallin saita gudu. Dek na kaset bai da wagga matsala, motonshi na da nashi mai daidaitawa.

Kuma Bakabe, gaya ma mai gyaran ya sa bel shi tsaya nan. Kada ya ɗiga man keken ɗinki a kafstan, kada ya sa jan farce ya kulle sukurun hed, tunda juya shi za ka riƙa yi. Kaset na farko da za ka gwada, ɗauko cikin na Turawan da Mai Faifai ya ce a aje gehe, ka bar shi ya yi gehe biyu cur kana kallon rola.